Bututu Huɗu da Baba Ya Ƙera wa Motata

Motar da na fara mallaka a duniya jaki ya taɓa wuce ta. Ba jakin da aka sako yana yawonsa ba, jaki ne ɗauke da mangalar taki, mai shi na biye da shi yana shan rake. A kan hanyar Fagge zuwa Sabon Gari abin ya faru, daidai inda hanya ke ɗan hawa kafin a tsallake layin dogo. Da mutumin ya zo daidai tagata sai ya leƙo ya ce, "Sannu Malam, ko a kama maka?" Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina aikin duba-gari, a shekarun nan na hamsin da ake dalar gyaɗa. Motar wata baƙar tsohuwa ce da na samu a hannun wani Kwara, ɗan Lebanon, mai kantin yadi a Kantin Kwari, bayan ta yi masa bauta, ta yi wa ƙaninsa, ta kuma yi wa kajinsa, don sun jima suna ƙwai a kujerar baya. Duk da haka ina son ta. In na sa kakina na shiga, ji nake duk Fagge ba wanda ya kai ni, sai dai in an zo hawan layin dogo.

Ranar da jaki ya ci mutuncina ban koma gida ba sai da na biya wajen makanikena a Sabon Gari. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, ya koyi gyaran mota a soja lokacin yaƙin Bama, kowa Kofur yake ce masa. Ya buɗe gaban motar, ya sa kunne, ya ce in taka. Na taka. Ya girgiza kai, ya nuna mini wani baƙin ƙarfe mai tsatsa da ke manne a gefen injin.

"Ka ga wannan, Malam? Manifol ke nan. Injinka ɗaki huɗu gare shi, kowane ɗaki yana fitar da hayaƙi, wannan ƙarfen ne ke tara su ya miƙa wa salansa. To dubi ƙanƙantarsa. Hayaƙin ɗaki huɗu, ƙofa ɗaya, ga shi ya tsage. Motarka ba tsufa ke damunta ba, numfashi ne ba ta samu."

Na ce to a saya sabo. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya. Ya ce irin wannan motar ko a ƙasar da aka yi ta an manta da ita. Abin da za a yi shi ne a ƙera bututu huɗu, kowane ɗaki da nasa, tsawonsu ɗaya, a lanƙwasa su ba tare da sun matse ba. Shi yana da walda, zai iya haɗa su da injin. Amma lanƙwasa bututu ya fito sumul kamar ba a taɓa shi ba, wannan ya ce ba hannunsa ba ne, kuma bai san mai yi ba.

Ni na san mai yi. A gidanmu yake, a kan tabarma.

Baba maƙerin kakaki ne. Kakaki, ga wanda bai taɓa gani kusa ba, dogon bututun ƙarfe ne da ya fi mutum tsawo, bakinsa a buɗe kamar mazurari, kuma ba a busa shi sai ga sarki. Daga garuruwa masu nisa ake aiko wa Baba. Sai ciwon ƙirji ya kama shi, numfashinsa ya gajarce, ya kasa busa. Shi kuwa a ƙa'idarsa kakaki ba ya barin maƙera sai ya busa da bakinsa, ya ji muryarsa, ya rage nan ya ƙara can. An ce masa ya riƙa kiran mabusa su gwada masa, ya ce a'a, gwanin mabushi rufa wa mummunan kakaki asiri yake yi. Daga nan ya rufe maƙera. Shekara biyu ba a hura wuta a cikinta ba. Ya koma zaure yana kallon masu wucewa, abinci sai an yi da gaske yake cin loma uku, yana ta ramewa a gaban idonmu.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wancan?" In ina gabansa, "kai" ta ishe ni. Da na fara aiki na samu ƙarin girma, na koma "mai kakin nan". Haka al'ada take, ban taɓa jin haushi ba, ko in ce ban taɓa yarda na ji ba. Akwai kuma wata a ƙasa: ina yaro na gudu daga zuga na shiga makarantar boko, kuma bai taɓa ce mini komai a kan haka ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Inna na fara gaya wa zancen bututun, ina yi ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Ka kai masa. Ko bututun banɗaki ne ka kai masa. Mutumin nan in bai hura wutar nan ba, ba zai ga wata daminar ba." Ban taɓa jin ta faɗi abin a fili haka ba, sai na ji tsoro ya kama ni.

Na same shi a zaure na tsuguna na yi bayani. Bai dube ni ba. Ya ce shi ba makanike ba ne. Na ce ai shi ya sa, makaniken ne ya ce duk Kano ba mai iya lanƙwasa bututu bai matse ba. Wannan ƙarya ce rabi, Kofur cewa ya yi bai san mai yi ba. Har na fara shirin tashi, sai Baba ya ce, "Wane ne ya ce?"

Washegari na ɗauko Kofur. Suka tsuguna a gaban motar su biyu, ni mai motar aka bar ni a tsaye kamar ɗan kallo. Kofur ya zana a ƙasa da tsinke: bututu huɗu gajeru, su haɗu su zama ɗaya, su shiga tukunyar salansa. Baba ya sa ƙafa ya goge tukunyar. Ya ce shi bai taɓa ƙera bututu don a shaƙe shi ba. In numfashi ake so, a bar kowanne ya tafi abinsa har baya, a buɗe masa baki. Na zaci Kofur zai musa. Sai na ga idonsa ya kawo haske, ya ce wallahi haka jiragen sama suke a Bama, kowane ɗaki da bututunsa. Daga nan na san ba ni da sauran ta cewa a kan motata.

Kofur ya samo tsofaffin bututun ruwa na ƙarfe, Baba ya dube su ya mayar da rabi. Ranar da aka buɗe maƙera sai da muka kori kaza da 'ya'yanta daga cikin murhun. Ba mai zuga, don haka in na tashi daga aiki sai in tuɓe rigar kaki in zauna a gaban zugazugi, ni da na gudu daga wurin shekara ashirin da suka wuce. Hannuna ya yi kanta. Baba yana ɗura wa bututu yashi, ya toshe bakin, ya gasa shi har ya yi ja, ya lanƙwasa shi a hankali a jikin wani kututture, yana haki yana zagin gawayin zamani. Kwana na uku na ji ya ce wa Inna tuwon ya yi kaɗan. Ta fito tsakar gida ta dube ni, ta koma ta ƙaro.

Abin da ban lura da shi ba, ko na lura na kau da kai, shi ne yadda yake auna su. Ba da ma'aunin Kofur yake yi ba, da kamu yake yi, yana motsa baki. Da ya zo ƙarshen kowanne sai ya yanko fallen gangar ƙarfe, ya buga shi ya buɗe kamar mazurari. Na ce, "Baba, wannan bakin fa?" Ya ce, "Haka ake gama bututu."

Ranar Asabar Kofur ya cire tsohon manifol ya jefar gefe, ya haɗa sababbin da walda. Suka bi ta ƙarƙashin motar su huɗu, suka leƙo ta baya a jere, bakuna a buɗe. Na huɗun ne kawai ya ba su wahala, sai da aka ƙara masa gwiwa ɗaya don ya kauce wa sandar sitiyari. Kofur ya juya hannun tayar da inji, motar ta kama. Ta yi wata doguwar murya mai kauri da na ji ta a cikina kafin kunnena. Na taka mai, muryar ta yi tsalle ta hau sama. Na ɗaga ƙafa ta sauko, na taka ta hau. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan kukan. Shi ne wanda mutane ke cewa yana faɗin "ga shi, ga shi" in sarki ya fito.

Kofur dai tsalle yake yana cewa in ji yadda take numfashi. Kuma gaskiyarsa, ban hana shi ba. Ranar na hau tudun layin dogo ban ma san na hau ba. Na yi ta dube-dube ko zan ga mai jakin nan, Allah bai haɗa mu ba.

Ina shiga Fagge na ga teloli sun bar kekunansu sun fito bakin titi. Wani mai tallan goro ya sauke faifansa ya tsuguna. Tsofaffi uku da ke zaune a kan dakali suka zame ƙasa, suka cire takalma, suka ɗaga hannu suna jinjina, suna "Ranka ya daɗe". Na duba bayana in ga wanda ke tafe, ba kowa sai hayaƙina. Da na zo daidai su suka ga duba-gari ne, wanda shekaranjiya ya sa aka zubar musu da ruwan randa, hannuwan suka tsaya a sama ba su san yadda za su sauko ba. Ɗayansu ya wayance ya kama sosa ƙeya.

Ba zan yi ƙarya ba, kwana biyun farko na ji daɗi. Sai aikin ya fara lalacewa. Duba-gari da shammata yake cin abinci, ya faɗo gida ba a shirya ba ya leƙa randa. Ni kuwa tun ina Kasuwar Singa ake jin tahowata. Kafin in iso an wanke randuna, an share kwata, an ɗaure awaki. Mako guda ban samu tsutsa ko ɗaya ba, maigidana a ofis ya fara yi mini wani irin kallo. A Sabon Gari kuma ba mai tsugunawa, can fitowa suke suna tafi, wata mai sayar da ƙosai ma har rawa take takawa in na wuce.

Ranar Larabar mako na biyu ɗan doka ya zo ya ce mai unguwa na nemana, ni da motar da wanda ya ƙera. Zamanin siyasa ta fara zafi, wanda duk aka ce yana yi wa sarauta ba'a ba ya kwana a gidansa, balle ma'aikaci. Amma ko a kan hanyar ba aikina kaɗai nake tunani ba. Tunanin maƙerar nake, in aka ci wa Baba fuska a gaban mutane, to ya rufe ta ke nan har abada. Baba ya ƙi shiga motar, ya ce ba a busa wa irinsa. A ƙasa ya taka, ni ina binsa a hankali, motar na ta yi masa "ga shi, ga shi" a baya, yana juyowa yana harara ta.

Zauren mai unguwa ya cika. Shi mutum ne mai haƙuri, kuma da gani ya fi son a ce abin nan bai faru a unguwarsa ba. Ya ce, "Malam, an ce ana busa maka kakaki." Na ce ranka ya daɗe ba mai busa mini komai, hayaƙi ne ke fita. Wani dattijo ya ce ai busa sai da baki, mota kuwa ba ta da baki, don haka ba laifi. Har na fara jin sanyi. Sai wani daga baya ya ce to in ba ta baki take yi ba, ta ina take yi? Kowa ya san ta inda take yi. Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Dattijon farko ya ce in haka ne abin ya fi muni, ya janye maganarsa.

Mai unguwa ya share zufa ya juya wajen Baba. Ya ce, "Baba, duk nan ba wanda ya kai ka sanin abin nan. Kai za ka raba mu. In ka ce bututun mota ne, bututun mota ne, kowa ya tafi gida. Kakaki ne ko ba kakaki ba ne?"

Ƙofa ce ya buɗe mana, har da ɗaga labule. Na dubi Baba ina roƙonsa da ido. Kalma ɗaya ce, ya ce bututu ne mu tashi. Ya gyara zama, ya yi tari, ya ce, "Ukun kakaki ne. Ni na ƙera su, kuma ban taɓa ƙera waɗanda suka fi su ba. Na huɗun ne bututu. Muryarsa ta sauka, gwiwar nan da aka ƙara masa ce ta ɓata shi."

Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige. Haushi ya kama ni. Ga ɗansa ana shirin raba shi da aikinsa, shi abin da ya dame shi muryar na huɗu. Amma da na sake dubansa sai na ga yadda ya zauna, ƙirji a gaba, haɓa a sama, irin zaman da na san shi da shi ina yaro. Na rasa wanda zan yi, fushi ko murna, sai na sunkuyar da kai.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon rufin zaure. Can ya ce tunda mai abu ya faɗa da bakinsa, ba yadda za a yi, kafin Juma'a a cire. Maganar kuma ta tsaya a zauren nan, shi bai ji komai ba, mako guda ke nan kunnensa na ciwo. Ya ƙara da cewa in zan tafi in tura motar, kada in tayar da ita a ƙofar gidansa. Haka muka turo ta har gida, da ni da ɗan dokan da ya zo kama ni.

Na ce shi ke nan, gobe Baba zai koma tabarma. Ban ko iya shiga wajen Inna ba. Da safe ina sa kaki sai na ji ƙarar masaba. Na leƙa, ga shi a maƙera, Inna ce ke yi masa zuga, ɗaure da zanenta na girki. Ya sa Kofur ya ciro na huɗun tun da sassafe, yana gyara gwiwar. Na ce, "Baba, ai yau za a cire su duka." Bai ɗago ba ya ce, "Shi ya sa. Ba za a cire shi da muryar nan ba."

Bayan la'asar aka mayar da shi. Muka tura motar har muka fita daga cikin mutane, sannan muka tayar muka nufi bayan Rijiyar Lemo, inda a lokacin ba komai sai gonakin dawa. A nan ne Baba ya yarda ya shiga, ya ce tsuntsaye ba su san sarauta ba. Kofur na baya da sifanoninsa da tsohon manifol a kan cinya, don a can za a mayar da shi.

Muka tsaya a wata burtali. Baba ya zagaya baya ya tsuguna, ya kara kunne kusa da na huɗun, ya ce in ya ce taka in taka, in ya ce ɗaga in ɗaga. Na taka. Su huɗun suka ɗauka tare, murya ɗaya, ba wanda ya sauka. Tsuntsaye suka tashi daga dawa. Ƙarar ta cika mini kunne, na manta da zancen ɗagawa, na yi ta takawa ina jin daɗina. Ashe yana ta "kai, kai" a baya ban ji ba. Ya ɗaga hannu ban gani ba. Sai na ji an ƙwala kiran sunana, cikakke, yadda aka raɗa mini shi, da muryar da ban taɓa jin sunan a cikinta ba.

Ƙafata ta sauka da kanta, har motar ta kusa mutuwa. Kofur ya juya yana duba sifanoninsa kamar yau ya fara ganinsu. Na waiwaya. Baba na tsugune, fuskarsa duk baƙin hayaƙi, yana haki. Muka haɗa ido, ya kau da kai ya ce, "To me kake kallo? Sake takawa." Na sake takawa, na daɗe ban ga abin da ke gabana ba.

Kafin magariba Kofur ya mayar da tsohon manifol, wanda tun a gari ya liƙe tsagarsa da walda. Motar ta koma halinta, kuma ba a yi wata guda ba wani jakin ya sake wuce ni a layin dogo. Amma Kofur ya yi wa bakin salansar wani ɗan maƙogwaro da za a iya zura kakaki a ciki. Baba ya aika wa masu aiko masa cewa ya dawo aiki. Duk kakakin da ya ƙera, sai mu naɗe shi a tabarma mu tafi bayan Rijiyar Lemo, in taka ya saurara. Ya ce motar ta fi kowane mabushi, don ba ta san kara ba, abin da ke cikin ƙarfen shi take faɗa. Ya ga damina shida bayan wannan, wutar maƙera ba ta sake mutuwa ba sai da ya rasu.

A duk tafiye-tafiyen nan na sha yin kamar ban ji ba in ya ce ɗaga, ko Allah zai sa ya sake. Ya gane ni. Sai ya riƙa tafiya da 'yar sanda, in yana so in ɗaga ya buga bayan motar sau biyu. Ban taɓa gaya wa Inna abin da ya faru ranar ba, don na san cewa za ta yi ƙarar mota ce ta ruɗa mini kunne.